Tambaya da Amsa: Doguwar Tafiya a Mota Mai Ɗakin Kwana

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili tun bayan fitowar da ta gabata sun karkata ne ga abu guda, wato motocin nan da ake gyara cikinsu da gado da murhu da makewayi, mutum ya ɗauki iyalinsa ya yi makonni ko watanni a kan hanya, inda dare ya yi masa nan ne masaukinsa. Mun zaɓi shida daga ciki, kuma mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan ganin bidiyon Turawa da suke zaune a cikin mota, har da kicin da banɗaki. Shin talauci ne ya hana su kama haya, ko kuwa nishaɗi ne na masu hali? Kuma yaushe aka fara wannan abu? Daga wata ɗaliba a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun akwai, sai dai tushen abin na masu hali ne. A shekarar 1885 wani likita ɗan Sikotland mai suna William Gordon Stables, wanda ya yi aiki da sojojin ruwan Birtaniya, ya sa aka ƙera masa ɗaki na katako a kan ƙafafu huɗu, dawaki biyu suna ja, ya riƙa zaga ƙasar da shi don shaƙatawa kawai, kuma zuwa 1907 masu irin wannan sha'awa sun yi yawan da har suka kafa ƙungiya a Ingila. Abin da ya sauko da shi zuwa hannun ma'aikaci mai matsakaicin albashi shi ne ƙaramar bas ɗin Volkswagen da aka fara ƙerawa a Jamus a 1950, wadda muka daɗe muna kira kombi. Shekara guda bayan fitowarta wani kamfani mai suna Westfalia ya fara sanya mata akwatin da ake buɗewa ya zama gado da teburi da ma'ajin kwanuka, ta yadda motar da magidanci yake zuwa aiki da ita ranar Litinin ita ce masaukin iyalinsa ranar Asabar. Tsohuwar ƙirar wannan mota ta yi tsawon rai ƙwarai, domin sai a ƙarshen 2013 aka daina ƙera ta a Burazil.

A Amurka, inda hanyoyi suke da faɗi kuma mai yake da sauƙi, abin girma ya yi. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fitar da motarsa ta farko mai ɗaki a 1966, kuma a yau garin Elkhart na jihar Indiana shi ne cibiyar wannan sana'a. Suna raba motocin gida uku: manya masu girman bas ɗin safarar dare, waɗanda tsawonsu kan kai mita 12, ƙanana da ba su wuce Hayis mai dogon bodi ba, sai matsakaita, masu gado a saman kan direba. Ban da waɗannan akwai ɗakunan da ba su da inji, sai an ɗaura su a bayan wata mota an ja. A Turai kuwa titunan tsofaffin garuruwa ba sa ɗaukar manya, don haka mafi yawa suna tsakanin mita 6 da 7, kuma akasarinsu a kan Fiat Ducato ake gina su. Wannan mota ba baƙuwarmu ba ce, domin J5 da take ɗauko tumatir da albasa zuwa kasuwanninmu tagwaye suke da Ducato ta farko, a masana'anta ɗaya aka riƙa ƙera su a Italiya tun 1981.

Masu wannan yawo yawancinsu tsofaffi ne da suka ajiye aiki. A Ostireliya akwai hanyar da ta kewaye ƙasar baki ɗaya, mai tsawon kusan kilomita 14,500, kuma mata da miji sukan yi shekara suna binta a hankali. Amma bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, Amurkawa da dama da suka rasa gidajensu sun koma cikin mota bisa tilas, suna bin aikin ƙwadago na ɗan lokaci a gonaki da manyan rumbunan ajiyar kaya, idan sanyi ya shigo kuma su taru a hamadar Arizona kusa da wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite, inda zama ba ya cin kuɗi sosai. Masu ɗora bidiyo fitowar rana da kofin shayi a bakin teku suke nuna miki. Ba sa nuna ranar da mota ta lalace aka kai ta gareji, mai ita ya wayi gari ba mota ba wurin kwana.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana yana zaune a Houston ta jihar Texas, kuma in Allah ya yarda zan kai masa ziyara da uwargida da ƙannensa uku a lokacin dogon hutu. Ya ba da shawarar mu yi hayar irin wannan mota mu je mu ga kwazazzabon Grand Canyon. Me ya kamata in sani kafin in amince? Daga wani Alhaji a Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Alhaji, shawarar ɗanka mai kyau ce, kuma da za a tambaye ni inda ya fi dacewa baƙo ya fara gwada wannan tafiya, da yammacin Amurka zan ce. Amma ku fara da duba taswira. Daga Houston zuwa bakin kwazazzabon ya kai kilomita 2,000, kusan ninki biyu na Kano zuwa Legas, kuma sai kun ci kusan kilomita 1,200 kafin ma ku fita daga Texas ta El Paso. Motar da za ta ɗauki mutum shida ba ta son gudu, iska tana kaɗa ta duk lokacin da tirela ta gifta, direban da bai saba ba kuma yakan gaji da wuri, saboda haka ku yi lissafin kilomita 400 zuwa 500 a yini. Idan lokacin da kuka ware bai kai mako biyu ba, ya fi muku ku hau jirgi zuwa Phoenix ko Las Vegas ku karɓi motar a can, inda tafiyar awa huɗu zuwa biyar za ta kai ku.

A yawancin jihohin Amurka lasisin ƙaramar mota ya isa a tuƙa duk motar da nauyinta bai kai fam 26,000 ba, wato kusan kilo 11,800, kuma motocin haya ba sa kaiwa nan. Ɗanka ya fi dacewa ya riƙe sitiyari, idan kuma kana so ka riƙa karɓarsa, to lallai sunanka ya shiga takardar haya tun farko, ka tafi da lasisinka da na ƙasa da ƙasa, domin haɗarin da ya faru a hannun wanda ba a rubuta ba inshora ba ta biyansa. Ku ƙirga bel ɗin kujera kafin ku ƙirga gadaje, saboda lafiya, da kuma dokar jihohi da yawa, suna bukatar kowa ya ɗaure yayin tafiya, kuma ba a barin yaro ya kwanta a gadon sama mota tana gudu.

Kuɗin da ake tallatawa na kowane dare wani ɓangare ne kawai. Kamfanoni da yawa suna cajin nisan da aka yi daban, awannin da janareta ya yi aiki daban, zannuwan gado da tukwane daban, ga kuma kuɗin ajiya da za su riƙe. Matsakaiciyar mota irin wannan takan sha lita 25 zuwa 30 na fetur a kilomita 100, don haka zuwa da dawowa daga Houston zai ci muku sama da lita 1,000. Wurin kwana ma da kuɗinsa idan kuna son inda za a jona muku wuta da ruwa, kuma masaukan da ke cikin gandun Grand Canyon kansa sukan cika tun watanni kafin hutu, sai an kama wuri da wuri ta intanet. Akwai filayen gwamnatin tarayya a yammacin ƙasar da ake yarda a yada zango kyauta, galibi har kwana 14, amma babu wuta babu famfo, kuma a watan Yuli zafin hamadar Arizona yakan wuce digiri 43. Bakin kwazazzabon na kudu kuwa yana kan tudu mai tsayin mita 2,100, dare yakan yi sanyi ko a tsakiyar bazara, saboda haka Hajiya ta haɗa wa yara rigunan sanyi.

Abu biyu nake so ɗanka ya sa ma'aikacin kamfani ya nuna masa da hannu kafin ku bar harabarsu. Na farko tsayin motar, ya rubuta shi a takarda ya manna kusa da sitiyari, domin rumfar gidan mai da reshen bishiya su ne suka fi lalata rufin waɗannan motoci, kuma sau da yawa inshorar haya ba ta ɗaukar ɓarnar rufi. Na biyu yadda ake zubar da tankunan ƙazanta a ramin da aka tanada: ana fara sakin na makewayi, sannan a saki na ruwan wanke-wanke ya ɗauraye tiyo. Aiki ne da ba wanda yake marmarinsa, amma da mutum shida zai riƙa zagayowa duk bayan kwana biyu ko uku, kuma gara ku san tun daga gida wanda zai riƙa yi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina da Hayis mai dogon bodi da ba na amfani da ita. Ina so in cire kujerun in sa gado da kicin da banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki, in riƙa yawo da iyalina a cikin ƙasa. Wani abokina ya ce gara in sayo 'yar Kwatano da aka riga aka gyara a Turai. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Malam, Hayis ɗinka ta fi, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Motar da aka gina a Turai an gina ta ne don sanyi da titi mai santsi: tana da na'urar ɗumama ɗaki da ba za ta amfane ka ba, cikinta yana kusa da ƙasa, bayanta ya zarce tayoyin baya da nisa ta yadda ko kwalbatin shiga unguwa zai iya kankare ta, akwatunanta kuma na siririn katako ne da ramukan hanya za su kwance wa ƙusoshi a 'yan watanni. Idan sabuwar ƙira ce mai shan dizal, tana da matatar hayaƙi da tankin wani ruwa na musamman mai suna AdBlue, kuma man da bai da tsabta yakan toshe matatar, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi a tsakiyar daji. Idan daga Ingila ko Japan ta fito, sitiyarinta yana dama, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda da irin waɗannan motoci ba. Hayis kuwa babu garin da za ka rasa bakaniken da ya san ta, ko ka rasa kayan gyaranta.

Sai dai kafin ka kira kafinta da mai walda, ka nemi farantin ƙarfe ko takardar da kamfani ya manna a jikin motar, wadda take nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka, sannan ka kai ta sikelin manyan motoci a auna ta ba komai a ciki. Bambancin da ke tsakanin lambobin nan biyu shi ne duk abin da ka mallaka, kuma a cikinsa ne za ka sa kanka da iyalinka da mai da ruwa da katako. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 100 ya fi nauyin babban mutum. Batir ɗin inbata irin na gida mai ampiya 200 yakan kai kilo 60. Kafintocinmu kuma sun saba yin kayan ɗaki masu kauri don su daɗe, abin da yake alheri a ɗakin amarya amma yake karya sifirin a mota. Ka sa a yi amfani da filawud mara kauri, a ajiye masu nauyi a ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma a ɗaure kowane akwati da noti a jikin ƙarfen mota, domin a birki na gaggawa duk abin da ba a ɗaure ba gaba zai taho, kan mutane.

Maganar na'urar sanyaya ɗaki ita ce inda lissafi yake karya buri. Batir mai ampiya 200 a kan bolt 12 yana riƙe da wuta wat 2,400 na awa guda, kuma idan na ruwa ne ko na dalma, rabin wannan kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, wato 1,200. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki tana jan wat 750 zuwa 1,000, saboda haka ko awa biyu ba za ta yi ba batir ya kwanta. Farantan sola na wat 400, wanda shi ne kusan abin da rufin Hayis zai ɗauka, za su tara maka abin da bai wuce wat 2,000 na awa guda ba a yini mai kyau, ƙurar hunturu kuma tana rage wannan sosai idan ba a gogewa. Wannan wuta ta ishi ƙaramin firji mai aiki da bolt 12, da fitilu, da fankoki biyu, da cajin waya, har a yi rara. Ba ta ishi sanyaya ɗaki har asuba ba, sai an tara batiran litiyam masu tsadar da za ta iya zarce kuɗin motar. Shawarata ita ce ka yaƙi zafi ta hanya mai araha: fenti fari a rufi, abin tare zafi tsakanin ƙarfe da silin, fanka mai zuƙo iska a rufi, tagogi masu ragar sauro a ɓangarori biyu, da rumfar tamfol da ake warewa a gefe. Sannan ka tsara yawonka tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka bar Afrilu ga masu ɗaki na ƙasa.

Kada ka ce za ka cike giɓin da janareta a kusa da mota. Kusan kowace shekara muna jin labarin iyalin da suka kwanta ba su tashi ba saboda hayaƙin janareta a gida mai ɗakuna, balle akwatin ƙarfe da bai kai faɗin shago ba. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi, kuma murhun gawayi ma yana fitar da ita, haka risho idan an rufe tagogi. Ka sayi ƙaramar na'ura mai ƙara idan ta ji wannan guba ka kafa ta kusa da gado. Tukunyar gas kuma a yi mata akwati nata na daban mai rufi, da rami a ƙasansa da ya fita waje, domin iskar gas ta fi iska nauyi, idan ta yi yoyo ƙasa take kwanciya. Ni da za ka bi ta tawa, girki a waje za a riƙa yi ƙarƙashin rumfa, banɗakin wanka kuma a haƙura da shi, a yi amfani da labule da bokiti, a ajiye ƙaramin masai na tafi-da-gidanka don dare.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne inda za ka tsaya. A Faransa da Jamus dubban garuruwa sun ware wa waɗannan motoci fili mai famfo da ramin zubar da ƙazanta, wasu kyauta wasu da 'yan kuɗi kaɗan, kuma wannan tanadi ne ya sa abin ya yiwu a can. Mu ba mu da shi, kuma halin tsaro a hanyoyi da dama na Arewa ya sa kwana a bakin titi ko a daji kasada ce da ba mai hankalin da zai yi da iyali. Saboda haka tafiyarka ta rana ce, ka isa kafin Magariba, ka kwana a cikin katanga: harabar otal da ka yi magana da manajansa, gidan ɗan'uwa, ko masauki irin na Wikki a gandun dajin Yankari. Fara da can, ka ga abin da ya kwance da abin da aka manta, kafin ka yi tunanin hawan tsaunin Mambila. Ka kuma tabbata takardun motar sun dace da sabuwar siffarta, idan ka sa gilashi mai duhu ka nemi izinin 'yan sanda, domin motar da ke da labule da gado takan ja tambayoyi a kowane shinge.

TAMBAYA: Malam, wanda yake tafiya da ɗakinsa da iyalinsa, shin matafiyi ne da zai yi ƙasaru, ko kuwa mazaunin gida ne? Kuma yaya ake yi da tsarki a wurin da ruwa yake da awo? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, fatawa ta malamai ce, amma abin da yake rubuce a littattafan mazhabarmu ta Malikiyya a fili yake. Tafiyar da ake yi wa ƙasaru ita ce wadda ta kai mil 48 na lissafin da, wanda ake ƙiyastawa da kilomita 80 ko sama da haka kaɗan, kuma matafiyi yana cika salla ne idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda. Malaman da ba su ga mota ba sun riga sun tattauna mai kama da wannan, domin a cikin Muhtasar Shehu Halil ya ambaci matuƙin jirgin ruwa da yake tafe da iyalinsa a cikin jirgin, ya ce shi ma yana ƙasaru. Saboda haka kasancewar gado da tukunya suna tare da mutum bai fitar da shi daga hukuncin matafiyi ba, niyyar zama ce take fitar da shi. Sallar farilla kuma a tsaya a sauka a yi ta a ƙasa, ana fuskantar alƙibla, wadda wayar hannu take nunawa yanzu a ko'ina.

Batun ruwa ya fi bukatar shiri. Masan da Turawa suke sanyawa a waɗannan motoci yana da ƙaramin tanki da ake zarowa, mai ɗaukar lita 17 zuwa 20, kuma an yi lissafinsa ne don masu amfani da takarda. Iyalin da suke kama ruwa da buta za su cika shi da wuri ƙwarai, don haka ko a sayi tanki na biyu ko a tsara hanya ta yadda kullum za a bi ta wurin zubarwa. Alwala a yi ta a waje duk lokacin da ya yiwu, a tuna kuma cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda, wanda bai kai lita ɗaya ba. Wani amfani da Musulmi yake samu a wannan tafiya, musamman a ƙauyukan Turai da Amurka inda babu mahauci Musulmi, shi ne girkinsa yana hannunsa: ya sayi naman halal a babban gari ya sa a firji, ya tafi da tukunyarsa idan zuciyarsa ba ta kwanta da ta motar haya ba.

TAMBAYA: Ɗana, lokacin da nake saurayi ina ganin Turawa suna isowa Kano da motoci sun yi butu-butu da ƙura, da jarkoki a rufi, suna sauka a masaukin 'yan yawon buɗe ido na titin Bompai. Ina suka shiga? Kuma jikana yana cewa zai tuƙa mota daga nan har Turai, ni kuwa na ce in dai tuƙi ne gara ya nufi Makka kamar kakanninmu. Daga wani dattijo a Fagge.

AMSA: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Waɗanda ka gani masu ratsa Sahara ne, kuma daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen 1980 Kano tana cikin manyan zangonsu. Sukan tsallako Bahar Rum a jirgin ruwa zuwa Aljeriya ko Tunisiya, su gangaro ta In Salah zuwa Tamanrasset, daga nan kwalta ta ƙare su shiga rairayi na ɗaruruwan kilomita ta In Guezzam da Assamaka har Arlit, sannan Agadas da Damagaram da Kano. Wasu a kombi suke, wasu a Land Rover, wasu a manyan motocin soja da aka gyara, wasu kuma tsofaffin Peugeot 504 suke kawowa su sayar a Nijar su koma a jirgi. Tun kafin su, a 1959, wani Ba'amurke mai suna Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya jagoranci ayarin ɗakunan ja 41 daga Cape Town har Alƙahira ta gabashin nahiyar.

Rashin tsaro ne ya rufe hanyar, mataki bayan mataki. Tawayen Abzinawa ya tashi a arewacin Nijar a 1990, yaƙin basasar Aljeriya ya biyo baya a 1992, a 2003 aka sace Turawa 32 masu yawon buɗe ido a kudancin Aljeriya, a 2008 kuma aka soke tseren motoci na Dakar bayan kisan wasu Faransawa huɗu a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka. Yanzu masu wannan tafiya bakin Tekun Atlantika suke bi, daga Tanja zuwa Agadir, inda tsofaffin Turawa masu yawa suke cin lokacin sanyi a motocinsu, zuwa Dakhla da Nuwadibu da Nuwakshot da Dakar, kuma kusan duk kwalta ce.

Don haka burin jikanka mai yiwuwa ne, kuma an yi. A watan Agusta na 2023 wasu 'yan Gana sun isa Landan a mota daga Akara, a 2024 kuma wata 'yar Najeriya mai suna Pelumi Nubi ta taso daga Landan ita kaɗai a ƙaramar Peugeot 107 da ta gyara don kwana, ta iso Legas a watan Afrilu, bayan ta yi haɗari a Kodebuwa. Takardu ne za su fi ba shi wuya fiye da hanya: bizar Maroko da ta Muritaniya da ta Turai, katin rigakafin shawara, lasisin ƙasa da ƙasa, inshorar ECOWAS mai katin ruwan ƙasa wadda take ƙarewa a inda ƙasashen ƙungiyar suka ƙare, da izinin kwastan na shigar da mota na ɗan lokaci a kowace iyaka. Bizar Turai ta baƙunci kwana 90 kawai take bayarwa a cikin kowane kwana 180, kuma ya same ta a hannu kafin ya tayar da mota.

Hanyar Makka kuwa, Baba, ta kakanninmu ita ce Maiduguri, Injamena, Abeshe, Janaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, sai Sawakin a hau jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma Hausawan da ke zaune a Sudan har yau, irin na garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, shaida ne na yawan waɗanda suka bi ta. Amma tun Afrilun 2023 Sudan tana cikin yaƙi, kuma Darfur, inda hanyar ta ratsa, nan ne ya fi muni. Aikin Hajji ma yanzu ta hannun Hukumar Alhazai ake samun kujera, kuma ta jirgin sama ake tafiya. A halin da ake ciki kada ka ƙarfafa masa guiwar bin gabas.

TAMBAYA: Malam, a taƙaice, wannan tafiya ta fi kwana a otal araha? Daga wani ma'aikacin banki a Sakkwato.

AMSA: Ga mutum biyu masu hutun mako guda, a'a: ƙaramar mota da matsakaicin otal sun fi sauƙi idan aka haɗa kuɗin haya da mai da wurin tsayawa. Lissafin yana juyawa ne idan iyali suna da yawa, ana girki a mota maimakon sayen abinci sau uku a yini, kuma ana zama kwanaki a wuri guda maimakon ƙona mai kullum. Wanda zai saya kuma ya tuna cewa motar za ta yi mafi yawan shekara a ajiye, tayoyi suna tsagewa, batir yana mutuwa, inshora da sabunta takardu kuma ba sa jira. Idan ba za ka kwana a cikinta aƙalla wata guda a shekara ba, ka yi haya duk lokacin da bukata ta taso.